Tarwaɗa a Kwandon Ramboshi

Yelwa, Yauri
5 ga Satumba

Zuwa ga angona Fa'izu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da littattafanka da ba sa ƙarewa. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwa da ya zama ɗan gida. Ɗana Basiru da matarsa Hamdiyya suna gaishe ka. Innarka ta zo daga Shanga ranar kasuwa, ta ce shinkafarsu ta yi kyau bana in dai ruwa bai hau ya cinye ta ba. Ta ɗan rame, amma bakinta yana nan yadda ka san shi.

Kada ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Maganar waya da an kashe ta tafi. Na sha wahalar ajin yaƙi da jahilci da goyo a bayana, ba zan bar rubutun ya mutu a hannuna ba. Tunda Dogo direba yana kai kifinmu Ibadan kowane mako, kai kuma kana garin, sai ya haɗa da takarda. Ka riƙa zuwa rumfar Madam Goodness ranar Alhamis da safe, nan yake sauke kaya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Matan rumfar banda sun dame ni da tambaya. Suna ganin ina yi maka ƙunshin kifi, sai su ce wane ne wanga ɗan gata. Na ce jikan ɗan baffana ne, shekara shida ya yi a ɗakina yana sakandare, kifin da ya ci mini zai cika jirgi. Suka ce to me yake karantawa shekara da shekaru? Wannan ɗanta likita, waccan nata soja, ni kuwa sai na ce kana leƙen abin da ido ba ya gani. Suka kwashe da dariya har da tafi. Don haka ka zauna ka rubuto mini da Hausa mai kyau, irin wadda zan iya maimaitawa a gaban mutane, me kake yi a ɗakin gwajin nan naku.

Aiki yana tafiya. Damina ta jiƙa mana itace, hayaƙi ya fi wuta yawa, amma masuntan Wara suna kawo ramboshi masu kyau, kifin nan da ya fi tarwaɗa tsada. Har yanzu ni nake zaɓe, ni nake jerawa, ni nake ɗaure kwando da jan ƙyallena mai ƙulli uku. Daga nan har Ibadan, wanda ya ga ƙyallen nan ya san ba sai ya kwance ya duba ba. Basiru ya fito da wani sabon salo, wai in riƙa hutawa a gida. Na ce masa ya adana hutun, zan yi shi gaba ɗaya a kabari.

Ka ci abinci. Hoton da ka turo wa innarka, wuyanka ya yi tsawo.

Amaryarka da ka bari a Yauri,
Mariyamu

*

Ibadan
12 ga Satumba

Kaka Mariyamu, amarya ba kya tsufa,

Na karɓi takarda da ƙunshi, Allah ya saka da alheri. Ina lafiya, wuyana kuma haka Allah ya yi shi, gadonku ne. A gaishe da Kawu Basiru da Hamdiyya, a shafa wa gwiwa man zafi.

To, gyara zama, ga abin da za ki faɗa wa matan rumfa.

Tsokar jikinki, da gashinki, da abin da ke narkar miki da tuwo a ciki, har da tsokar kifin da kike bandawa, duk da wani abu aka gina su mai suna furotin. Shi furotin jera shi ake yi kamar carbi, ƙwaya bayan ƙwaya. Ƙwayoyin iri ashirin ne, sunansu amino asid, kuma kowace tana da gurbinta. In aka sa wata a gurbin wata, furotin ɗin yakan lanƙwashe ba daidai ba, ya kasa aikinsa.

Kowane iri yana da ɗan dakonsa da ke kai shi wurin jerawa, kuma kowane ɗan dako yana da alama a jikinsa. Wurin jerawar nan alamar kawai yake dubawa, ba ya duba kayan da aka ɗauko. Kin ga ke nan amanar duka tana wuyan wanda ya ɗora wa ɗan dako kaya. Wannan mai lodin shi ake kira inzayim, kuma ɗaya daga cikinsu nake bincike a kai shekara huɗu ke nan.

Nawa aikinsa ya ɗora wata ƙwaya mai suna aisolusin. Sai dai tana da 'yar'uwa mai suna balin, kamarsu ɗaya, illa balin ta ɗan fi ƙanƙanta. Mai lodin yana da rami a jikinsa daidai girman aisolusin. Duk abin da ya fi ta girma ba ya shiga. Amma balin, da yake ƙarama ce, takan sulale ta shige, kamar sau ɗaya cikin ɗari biyu. Da a haka aka tsaya, da jiki ya cika da furotin mai aibu. Sai masana suka duba suka ga kuskuren da ke isa wurin jerawa bai fi ɗaya cikin dubu uku ba. Ina sauran suka tafi? Ashe akwai rami na biyu. Bayan an ɗora kaya sai a bi da shi ta nan. In balin ce, a yanke ta a yar, a sake lodi. Abin yana cin ƙarfi da lokaci, amma jiki ya yarda ya biya.

Ni aikina in toshe ramin na biyu a jikin ƙwayoyin cuta da muke kiwo a kwalba, in ga yadda za su kasance. Sukan rayu, amma a wahale. An taɓa samun ɓeraye masu irin wannan nakasa a wani mai lodin, da suka girma tafiya ta gagare su, sai tangaɗi.

Abin da ya fi burge ni, Kaka, duk ƙwarewar mai lodin nan ba a bar lodinsa ya wuce haka nan ba. Ashe gwani ma yana bukatar a bi bayan aikinsa.

Af, na ga rubutunki ya ƙara girma, wani layin har yana hawa kan wani. Ko biron ne ya lalace in aiko da sabo?

Angonki mai dogon wuya,
Fa'izu

*

Yelwa
17 ga Satumba

Fa'izu,

Muna lafiya.

Na karanta takardarka a rana, sau biyu. Ban san karatun da aka tura ka ya haɗa da iya habaici ba. Mai lodi, da alama, da wanda ba ya duba kaya, da abu biyu masu kama da juna. Ka ɗauka ni jaririya ce? Da ka fito fili ka ce Mariyamu ta tsufa, da ya fi mini sauƙi.

Na san ka ji labari, tunda rumfar Goodness kake zuwa. To, i, haka ne. Sau biyu cikin watan jiya an sami tarwaɗa a kwandon ramboshina. Mai gidan abincin da ke saye a hannunta ya mayar mata da kaya, ita kuma ta sa wuƙa ta yanke ƙyallena a tsakiyar kasuwa, ta zazzage kifina a kan buhu tana juya su ɗaya ɗaya. Dogo yana tsaye. Kafin ya dawo Yauri labari ya riga shi isowa.

Tun daga ranar Basiru yake bina da maganar wai in na gama ɗauri Hamdiyya ta kwance ta duba. Ka zauna a gidan nan, ka san ƙa'idar rumfarmu tun zamanin uwata: ba a kwance ɗaurin babba. Wadda aka kwance wa ɗauri, an ce mata ta tafi gida ke nan, ko ba a furta ba. Uwata ranar da aka yi mata haka ba ta sake taka rumfa ba, kuma ba ta cika shekara ba bayan nan ta rasu. Basiru ya ga na ƙi, shi ne ya biyo ta hannunka, kai kuma ka zauna ka ƙago mini tatsuniyar rami biyu.

Na Basiru bai yi mini zafi ba, shi kullum a tsorace yake. Naka ne ya yi mini zafi. Na tambaye ka abu don in yi alfahari da kai, ka ɗauki tambayar ka mare ni da ita.

Riƙe bironka, nawa lafiyarsa lau.

Mariyamu

*

Ibadan
19 ga Satumba

Kaka,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon ki karanta wannan har ƙarshe. A tsaye nake rubuta ta a jikin motar Dogo kafin ya juya.

Wallahi ban san komai ba. Rabona da magana da Kawu Basiru tun Babbar Salla. Madam Goodness ba ta taɓa ce mini uffan ba, takarda take miƙo mini mu gaisa in tafi. Na yi amfani da maganar lodi da alama ne don sana'arki ce, na ga za ki fi saurin ganewa. Abin da na rubuta yana cikin littattafai tun kafin a haife ni, ban ƙago shi dominki ba.

Amma na ga yadda maganar ta faɗo a kan ciwo, kuma na ji kunya. Ki yafe mini.

Fa'izu

*

Ibadan
17 ga Oktoba

Kaka Mariyamu,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ina lafiya, sai dai Alhamis huɗu ke nan ina zuwa kasuwa, Dogo na hango ni sai ya buɗe tafin hannunsa ya girgiza kai. Na kira wayar Hamdiyya, ta ce kin ce a ce mini kina aiki. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe. In kin ga dama ki ji haushin hakan ma, ki haɗa da na baya.

Dogo ya ce kina zuwa rumfa kullum, amma kin daina aiko da ramboshi. Don haka na yi abin da ba ki sa ni ba, na zauna da Madam Goodness. Kin san a Kontagora ta tashi, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ta ce, "Shekara ashirin da biyu ban taɓa buɗe kwandon Mama ba. Ranar da na yanke ƙyallen nan ba a son raina ba ne. Amma ni ma akwai masu yarda da ni." Ta ce hidimar Kirsimeti ta matso, masu gidajen abinci sun fara neman ramboshi. Za ta jira kayanki har ƙarshen Nuwamba. In bai zo ba, ko ya zo a gauraye, dole ta nemi wani hannu a Jebba. Ba da fushi ta faɗa ba, kuma na ga ya kamata ki ji shi yadda yake.

Yanzu bari in gyara kuskurena, don na bar rabin bayani a waccan takarda, kuma rabin da na bari shi ne mai amfani. Na ce ana bin bayan aikin mai lodi, ban faɗi wanda yake bi ba. Kaka, ba wani baƙo ba ne. Ramin na biyu a jikin mai lodin yake, ɗan nesa kaɗan da na farko. Shi yake ɗorawa, shi yake juya kayan zuwa ɗaya gefen nasa ya gwada, shi yake yankewa in ya ga ba daidai ba. Yawancin kuskurensa ba ya barin hannunsa balle wani ya gani.

Kuma ramukan biyu ba tambaya ɗaya suke yi ba. Na farko yana hana babba shiga. Na biyu an yi shi ƙarami, aisolusin ba ta iya shigarsa, sai balin kaɗai. Da irin gwaji ɗaya aka maimaita, abin da ya wuce na farko zai wuce na biyu. Sai da aka canza ma'auni aka kama ɓarauniyar.

Ban ce ga abin da za ki yi ba. Kifi dai ke kika san shi, ni ci kawai na iya. Tambaya ɗaya gare ni, in kin amsa to, in ba ki amsa ba zan ci gaba da zuwa ranar Alhamis. Idonki ne?

In shi ne, na tambayi wani abokina likita. Ya ce a shekarunki, ga hayaƙin banda na shekara da shekaru, sau da yawa yanar ido ce take rufe gani, kuma ana cire ta mutum ya koma gani. Sai an duba za a tabbatar. Zan zo gida a Disamba, ni zan kai ki da kaina.

Ƙwayoyina na kwalba sun fara ba ni amsar da nake nema, malamina ya ce in fara rubuta babin ƙarshe. Na so ke ce farkon wadda zan faɗa wa.

Naki ko kina fushi,
Fa'izu

*

Yelwa
12 ga Nuwamba

Angona Fa'izu,

Gaisuwa da fatan alheri. Za ka ga rubutun nan ƙanana a jere kamar tururuwa. Ba nawa ba ne, Hamdiyya ke rubutawa ina faɗa mata, kuma na ce ko wasali ta canza zan sani. Kowa lafiya. Ruwa ya hau gonar innarka amma ya bar musu fiye da rabi. Na ji batun babin ƙarshe, na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki, Allah ya sa a gama lafiya.

Amsar tambayarka, i, idona ne. Ya fi shekara. Da farko na ɗauka hayaƙi ne, in na fita rumfa zai washe. Sai na ga hayaƙin yana bina har gida. Yanzu mutum sai ya yi magana nake sanin ko wane ne. Na ɓoye wa kowa, ina tafiya da sauri don kada a gane. Tsoro nake ji, Fa'izu. Ban san ko ni wace ce ba in ba a rumfar nan ba.

Takardarka ta kwana goma a ƙarƙashin matashi ban buɗe ba. Da na buɗe na ga baƙaƙe kamar na allon talla, na zage ka, sannan na karanta. Maganar canza ma'auni ta tsaya mini a rai, amma girman kai bai bar ni ba. Na ce zan ɗaure wa Goodness kaya yadda na saba, in buɗe ido da kyau, shi ke nan.

Yau da safe na haɗa kwando shida. Motar Dogo tana bakin rumfa, an loda biyar. Ina danna kifin saman na shida don murfi ya zauna, sai babban yatsana ya bi ta bayan wani. Ka san in an banda su sun yi baƙi sun naɗe, ramboshi matashi da tarwaɗa ƙosasshiya sai mai ido. Amma bayansu daban ne. Ƙayar bayan tarwaɗa tafiya take yi har wutsiya. Ta ramboshi a rabi take tsayawa, sauran tsoka ce sumul. Wannan da ke ƙarƙashin yatsana, ƙaya ce har wutsiya. Shekara arba'in na san haka, ban taɓa bukatarsa ba, saboda ido yana yi mini aiki tun daga nesa.

Na daɗe a tsugune. Ba wanda ya gani. Ina iya zare shi in jefa ƙarƙashin zane, in ɗaure, a tafi. Sai na tuna biyar ɗin da ke cikin mota.

Na ce, "Dogo, sauko min da kayana."

Ya ce, "Hajiya, rana ta yi hwa, ga hanyar Kontagora yadda take."

Na ce, "Sauko da su, ko in hau in sauko da su da kaina."

Aka jera su a gabana. Matan rumfa duk suka bar abin da suke yi. Na kama ƙullin farko na fara kwancewa. Basiru ya taho da gudu har yana tuntuɓe, ya ce, "Inna, mi kike yi haka? Ɗaurinki na hwa!"

Na ce, "Na san nawa na. Shi yas sa ni ka kwance shi, ba wani ba."

Sannan na ɗaga murya yadda ta ƙarshen rumfa za ta ji, na ce, "Ku saurara, don kar ku ji ga bakin wani. Idona ya tahi. Amma hannuna na nan."

Na rufe idon gaba ɗaya, tunda ba abin da yake tsinana mini, na fara shafa bayan kifi ɗaya bayan ɗaya. Can sai na ji an durƙusa kusa da ni, ana miƙo mini kifi a hannun dama, ana karɓa a hagu ana jerawa. Da ƙamshin man gashinta na gane Hamdiyya ce. Tarwaɗa bakwai na fitar daga kwando shida. Bakwai, Fa'izu. Kowace na ajiye ta a fili inda kowa zai gani, kuma kowace sai da ta sosa mini zuciya.

Ka ce abin yana cin ƙarfi da lokaci. Ya ci mini rabin wuni, ya sa Dogo zai kwana a Yelwa, yana can yana ta ƙunƙuni. Basiru kuwa da na gama ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ƙaton mutum mai 'ya'ya huɗu, yana jan hanci. Na ce ya tashi ya ba ni wuri kafin ya jiƙa mini kaya.

Da la'asar muka gwada wata dabara da sabon kifin da aka sauke daga wuta. Hamdiyya ta fara zaɓe da ido, ta fitar da kurungu da ragon ruwa da duk wanda bambancinsa a fili yake, sannan ya biyo ta hannuna. To ka san me? Ita ma mai ido garau, na kama mata tarwaɗa biyu. Ta ce kada in sa wannan a takarda, na ce rubuta. Kafin magariba Gambo ta rumfar kusa da mu, wadda ta fi kowa dariya ranar da aka tambaye ni karatunka, ta turo kwandonta wai in ɗan shafa mata.

Na yi maka zargin da ba ka ci ba, na kuma bar ka kana sintiri a kasuwa. Ka yafe wa tsohuwa. Batun asibiti na yarda, amma sai an gama lodin Kirsimeti.

Yanzu ga aikinka. Kaya shida suna tare da takardar nan. Akwai kuma wani ƙunshi daban a cikin takardar siminti, ba ƙyalle a jikinsa. Tarwaɗan nan bakwai ne. Ka miƙa wa Goodness hannu da hannu kafin ta taɓa kwando, ka ce in ji Mariyamu, ga waɗanda da sun zo mata. Ka faɗa mata batun idona, kada ka rage komai. In ta ga ba za ta iya ci gaba da makauniya ba, ba zan riƙe ta a zuci ba. Ka tsaya ka ga abin da za ta yi, ka rubuto mini gaskiya ko mai ɗaci ce.

Amaryarka,
Mariyamu

Yaya Fa'izu, ni ce Hamdiyya. Biyun nan da ta ce ta kama mini, gaskiya ne. Tun magariba take faɗa wa duk wanda ya shigo gidan.

*

Ibadan
15 ga Nuwamba

Kaka Mariyamu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da godiya ga Hamdiyya da tururuwanta. Ina lafiya. Batun yafiya kuwa babu abin yafewa, sai dai ƙunshina na mako takwas da aka riƙe, wannan kam ban yafe ba. Na san ba gaisuwa kike jira ba, ga yadda aka yi.

Dogo bai iso ba sai yau Juma'a da hantsi. Na karanta takardarki a tsaye ana sauke kaya. Aka jera kwandunan shida a gaban rumfa. Mai gidan abincin nan da ya mayar da kaya kwanaki yana wurin, ya ji labarin ramboshin Yauri ya iso, ya zo da kansa. Maƙwabtan rumfa su ma sun matso, kin san kasuwa. Madam Goodness ta shimfiɗa buhu a ƙasa, ta ɗauko wuƙa.

Na ce mata akwai saƙo kafin nan. Na miƙa mata ƙunshin, na faɗi abin da kika ce in faɗa, ban rage ba. Na faɗi idon, na faɗi yadda kika sa aka sauke kaya daga mota, kika kwance ɗaurinki da hannunki a gaban rumfa. Ta buɗe takardar simintin ta ga tarwaɗan. Ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ta ce, "Mama da kanta ta kwance?" Na ce da kanta. Ta ce, "A gaban mutane?" Na ce har da Gambo.

Ta ce in nuna mata abin da kike shafawa. Na kama yatsanta na bi da shi bayan kifin har wutsiya, yadda kika kwatanta. Ta rufe ido ta sake bi ita kaɗai.

Mutumin ya gaji da jira. Ya yi magana da Yarbanci, na ji abin da ya ce: a buɗe ya gani kafin ya ɗauka. Ta kalle shi, ta kalli kwandunan. Sai ta sunkuya ta naɗe buhun da ta shimfiɗa, ta mayar da wuƙar cikin aljihun gabanta. Ta ce masa, "Matar da ta aiko mini da kuskurenta a ƙunshi daban, ba zan binciki kayanta ba. In kana so ka ɗauka a ɗaure. In ba ka so, akwai mutum uku a bayanka."

Ya ɗauki biyu, a ɗaure.

Kaka, ni da nake auna abu sau goma kafin in yarda, na tsaya a tsakiyar kasuwar kifi hawaye na zubo mini, Dogo yana yi mini dariya, shi ma idonsa ja wur. Madam ta ce in rubuta miki cewa tana son kwando goma mako mai zuwa, kuma ranar da za a yi aikin idon a faɗa mata, za ta sa a yi miki addu'a a cocinsu.

Tarwaɗan kuwa ta ba ni shida, ta ce ɗalibi ba ya ƙin kifi. Ɗayar ta rataye ta da zare a saman rumfarta. Na tambaye ta dalili, ta ce duk wanda ya sake cewa a buɗe masa kayan Mariyamu, ita za ta nuna masa.

Sai na zo da kaina in kama hannun nan in gaishe shi.

Angonki,
Fa'izu